Jiniyar Ƙarfe Biyu

An fasa gida na biyu ranar Litinin da hantsi, kuma jiniyarsa ba ta ce uffan ba.

Matar Mai Kemis ce ta gano, da ta dawo daga wurin aiki ƙarfe ɗaya. An zura ƙarfe a ƙofar baya an ɓalle sakata. Ba a taɓa talabijin ba, ba a taɓa kwamfuta ba. Ɓarawon ya wuce kai tsaye ɗakin kwana, ya ɗauke ƙaramin akwatin da ke ƙasan durowa, wanda sarƙa da awarwaro da 'yan kunnen mahaifiyarta marigayiya suke ciki.

Layin gida takwas ne a jere a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma dogon bangon wani sito. Na ɗaya yana bakin get, na takwas yana can ƙurya inda hanya ta ƙare. Bayan gidajen akwai siririyar hanyar kwata da ba ta ɓulla ko'ina. Baba Mai Gadi ya rantse cewa daga safe zuwa ƙarfe ɗaya babu baƙon da ya shigo, ko mai kawo saƙo. Kafin yamma kowa a layin ya fahimci ma'anar wannan magana, kuma kowa ya fara gaida maƙwabcinsa a gajarce.

Ƙarfe biyar kwamitin layi ya zauna a rumfar motar Ciyaman, aka kira Injiniya.

Ita ce ta saka na'urorin tsaro a gidajen takwas shekara guda da ta wuce, irin waɗanda ba su da waya. A kowane gida akwai akwati ɗaya a bango, wanda take kira uwa, da ƙananan 'ya'ya manne a ƙofofi da tagogi. Idan an buɗe ƙofa, ɗan ya sanar da uwar ta rediyo, uwar ta saki jiniya. Wata goma sha ɗaya babu wanda ya yi kuka da aikinta. Sai mako uku da suka wuce jiniyoyin suka fara ihu kullum bayan ƙarfe biyu na rana, gida bayan gida, babu ɓarawo babu ko kyanwa. A kwanakin farko mutane sun riƙa fitowa da sanduna. Daga baya sai leƙe ta taga. A mako na uku ko leƙen an daina.

Ta yi musu bayani tun a lokacin. Uwar tana da wata ɗabi'a: idan wani abu ya cika mata kunne da surutu a tashar da 'ya'yanta ke magana, har rabin minti ba ta jin su, sai ta yi ihu. Ba lalacewa ba ce, gargaɗi ne, kuma kamata ya yi a nemo mai surutun. Kwamiti ya ce ba zai jira ba. Sakatare ya rubuta takarda, Ciyaman ya sa hannu, aka umarce ta da ta kashe wannan ihun a duk gidajen. Ranar Juma'a ta bi gida gida ta kashe. Ranar Litinin aka yi satar.

Yanzu wata takardar ce a kan tebur. Sakatare, mutum mai sanyin murya da ke gida na biyar, ya karanta ta a hankali kamar mai ba da haƙuri. Injiniya za ta amince cewa kayanta jabu ne, ta cire su duka, magana ta mutu a nan. In ta ƙi, kwamiti zai miƙa sunanta ga 'yan sanda, tun da babu wanda ya san kowace ƙofa da taga a layin kamar ita.

Ta san abin da sa hannun yake nufi. A sana'arta suna shi ne jari. Mace ɗaya ce a cikin masu wannan aiki a unguwannin da take zagayawa, kuma takarda irin wannan ba ta kwana a aljihu ɗaya. Kafin mako ya zagayo hotonta zai shiga wayar duk wanda ta taɓa yi wa aiki.

"Ranka ya daɗe, ranar Juma'a na bi maganarku, ga inda ta kai mu," in ji ta. "Ba zan sake ba."

Ciyaman ya ce ba faɗa aka kira ta ba, taimakonta ake so a yi. Mai Kemis, wanda bai zauna ba tun da aka fara, ya ce shi bai ga taimakon da ya kamaci wadda ta manna masa kayan wasan yara a ƙofa ba.

"Kayan wasan yaran mako uku yana faɗa muku akwai matsala," in ji ta. "Ku kuka ce ya yi shiru."

Aka ba ta zuwa ranar Alhamis ƙarfe biyar. Ta nemi abu ɗaya, a bar ta ta shiga kowane gida ta kwashi rajistar da uwar ke ajiyewa. Sakatare ne ya fara cewa a bar ta, ai mai gaskiya ba ya tsoron bincike.

*

Ranar Talata da safe ta shimfiɗa takardu takwas a kan teburin cin abinci na gidansu, ta danne kusurwoyinsu da kofuna. Yayanta, direban motar haya, yana tsaye yana shan shayi, yana kallonta yadda ake kallon wanda ya ƙi shan magani. Shawararsa ita ce ta sa hannu ta huta, ta koma gyaran rediyo a shagon mahaifinsu da ke rufe tun rasuwarsa. Masu gida takwas ne, ita kuma ita kaɗai, kuma bai taɓa ganin inda mai jakar kayan aiki ya kayar da mai rumfar mota ba.

"Yaya, matsar da kofinka, kana ɗiga min a gida na huɗu."

"Taurin kan nan na Baba ne, wallahi. Da ya bar miki shagon kawai ya tafi da shi."

Ita kuwa idonta ya riga ya faɗa kan wani abu. Kowace uwa tana rubuta minti da daƙiƙar da kunnenta ya toshe, da lokacin da ya buɗe. Idan an duba gida ɗaya, lambobi ne kawai. Da ta jera su, sai suka zama sawu. Kullum abin yana farawa a gida na biyar wajen ƙarfe biyu da minti tara. Bayan minti biyu ya kai na huɗu, sannan na uku, na biyu, na ɗaya. A na ɗaya yakan tsaya minti goma ko fiye. Sai ya juyo, ya bi hanyar da ya zo, ya ɓace a na biyar. Na shida yakan ji ɗan kaɗan. Na bakwai da na takwas ba su taɓa jin komai ba, jiniyarsu ma ba ta taɓa kuka ba, kowa dai ya ɗauka duk layin ne saboda amsa kuwwar bangon sito.

Abin yana tafiya ke nan. Kuma yana tafiya a hankali, fiye da yadda lafiyayyen mutum ke taka ƙasa.

Ranar satar dabam ce. Surutun ya fara ƙarfe goma sha ɗaya da minti huɗu, ya zauna a gida na biyu minti ashirin da shida bai motsa ba. A wannan lokacin ɗan da ke ƙofar baya ya yi ta kira, uwar ba ta ji. Bayan nan layin ya yi tsit, har da ƙarfe biyun ranar.

Ta ɗauki tsohuwar rediyon hannu ta mahaifinta, wadda ta yi wa sabuwar eriya don farautar irin wannan surutu, ta saka a jaka.

*

Rabin layin sun riga sun yanke cewa in ba kayanta ba ne, to Mai Walda ne, wanda rumfarsa ke bayan bangon sito. Da shi ta fara. Ya kunna injinsa ya yi mata tartsatsi son ranta, rediyon ta yi ɗan ƙara kamar ana soya abu a nesa, amma bai kai abin da zai toshe kunnen uwa ba. Ya ɗaga gilashin fuskarsa ya nuna mata idonsa na hagu da har yanzu yake ja. Ɓurɓushin ƙarfe ne ya shiga, ya yi kwana shida a kwance rumfa a rufe, kuma daga gadonsa yana jin jiniyarsu kullum.

"Ki gaya musu ko akuyar wani ta yi ɓari a layin nan, ni ne," ya ce. "Na saba."

A gida na uku akwai na'urar sauraron jariri da uwar yaron ta sayo kwanan nan. Injiniya ta gwada ta, tashar dabam ce. A gida na huɗu akwai ƙararrawar ƙofa marar waya, ita kuma daƙiƙa ɗaya take magana ta yi shiru. Yinin Talata ya tafi a haka. Duk gidan da ta shiga sai an sa wani ya bi ta daga ɗaki zuwa ɗaki, ana yi kamar hira ake. Ta bar su, har takan ce wa mai bin nata ya riƙe mata tsani tun da ya zo.

*

Ranar Laraba ta zauna a bencin Baba Mai Gadi. Shi ma yana cikin waɗanda ake kallo a kaikaice, kuma ya sani. Ta tambaye shi abin da ke zuwa bakin get kullum bayan ƙarfe biyu ya tsaya minti goma.

Bai yi dogon tunani ba. Kaka ce, tsohuwar gida na takwas, mahaifiyar Lauya, wadda ɓarin jikinta ya shanye bara. Likita ya ce a riƙa fito da ita ta sha iska. Mai Jinya takan turo ta a keken marasa lafiya har inuwar bishiyar da ke gaban gida na ɗaya, su zauna shi Baba ya ba ta labarin duniya, ita kuma ta amsa da kai, don maganarta ba ta fita sosai. Da jiniya ta fara, sai Mai Jinya ta riƙa toshe mata kunne da auduga, amma ba su fasa fitowa ba ko sau ɗaya.

Daga nan Baba ya shiga nasa koken, kamar yadda yakan yi wa duk wanda ya zauna a bencin. Bayansa ne. An ɗauke shi gadi, yanzu ya zama ɗan dako. Get ɗin Sakatare mai inji ne, da can daga cikin mota ake danna masa ya buɗe kansa, amma kusan wata guda ke nan injin ya mutu, kullum safe da yamma shi ake ƙwala wa kira ya je ya tura ƙarfen da ya fi shi nauyi. Baba ya ce masa ya kira mai gyara, Sakatare ya ce sai ya samu sarari.

"Ke ba kya gyara irin wannan, 'yata? Ki duba masa ko don bayana."

Ta ce za ta duba. Hankalinta a lokacin yana kan keken.

Ta samu Mai Jinya a bayan gida na takwas tana shanya zannuwan gado. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, ba ta da yawan magana, shekararta guda a gidan. Da ta ji tambayar sai ta ajiye bokitin. Ranar Litinin ƙarfe goma sha ɗaya tana yi wa Kaka wanka, su biyu ne kawai a gidan, kuma shaidarta ɗaya ba ta iya haɗa jimla. Ta faɗi wannan da kanta, ba tare da an tambaye ta ba, sannan ta jawo keken ta ce a duba.

Injiniya ta duba. Ta zare matashin, ta leƙa ƙarƙashi, ta zura hannu a aljihun da ke bayan kujerar. Auduga, kwalbar ruwa, ƙaramin tawul. Rediyon ba ta ce komai ba.

Ta tambaya ko wani yana taɓa keken a hanya. Mai Jinya ta ce babu, sai dai masu gaisuwa. Matar gida na bakwai takan ɗago hannu ta taga. Sakatare kuwa, Allah ya saka masa, kullum yana zaune a barandarsa, sai ya taso ya durƙusa ya gaida Kaka, ya gyara mata bargo, ya taya ta haye tudun da aka yi wa motoci a gaban gidansa. In sun dawo ma haka. Ko ɗan da Kaka ta haifa bai kai shi kula ba.

Da take fita daga layin, Sakataren ne ya tare ta da ruwan sanyi a kofi. Ya tambaya ko an dace, don shi har ga Allah ba ya son abin ya kai ga 'yan sanda. Ta sha ruwan, ta ce abin da ke toshe na'urorin yana tafiya ne daidai da keken Kaka, amma ba ta same shi ba. Gobe za ta bi keken da rediyonta, in babu komai shi ke nan, ta rasa.

Ya girgiza kai, ya ce mutum ba ya sanin wanda ya ajiye a gidansa.

*

Ranar Alhamis ƙarfe biyu saura minti biyar tana ƙofar gida na takwas. Kafin a fito da Kaka ta sake zura hannu a aljihun keken. Auduga, ruwa, tawul. Ta ce wa Mai Jinya ta yi tafiyarta kamar kullum, ita za ta jira a bakin get, kada ta waiwaya.

Ta zauna a bencin Baba, rediyon a cinyarta, agogo a hannu. Daga can ta hango keken ya wuce na bakwai, ya wuce na shida. A gaban na biyar ya tsaya. Wani ya sauko daga baranda ya durƙusa, sannan ya zagaya baya ya taya turi. Ƙarfe biyu da minti tara rediyon ta fara wani siririn kuka marar yankewa, yana ƙaruwa yadda keken ke matsowa.

Da suka iso inuwar bishiya ta sa hannu a aljihun. Ƙarƙashin tawul akwai ƙaramin rimot baƙi, tsohon samfuri, an naɗe maɓallinsa da salatef yadda zai zauna a danne. Mai Jinya ta kalle shi, ta kalli Injiniya, ta dafa hannun keken da hannu biyu.

"Ban taɓa ganinsa ba."

"Na sani," in ji Injiniya. "Ki zo taron ƙarfe biyar, ki zo da Kaka. Duk abin da za su ce, kada ki tanka."

Ta warware salatef ɗin, kukan ya tsaya. Ta juya rimot ɗin a tafin hannunta. Babu suna, babu lamba, irinsa dubu ne a kasuwa. Abin da ta gani da idonta daga nisan gida huɗu ba hujja ba ne, mutum ne ya gaida tsohuwa. Tana cikin wannan tunani sai aka ƙwala wa Baba kira daga gida na biyar, za a fita da mota. Tsohon ya miƙe yana dafe da ƙugu yana gunaguni. Ta bi shi da kallo har ya kai, ya sa kafaɗa ya fara tura ƙarfen. Sai ta sake kallon abin da ke hannunta.

*

Ƙarfe biyar rumfar Ciyaman ta cika. Masu gida takwas da matansu, Baba a tsaye a gefe, Mai Walda da aka kira don ya ji da kunnensa, Mai Jinya a bayan keken Kaka. Akwai kuma Sufeto ɗaya da Ciyaman ya gayyato, zaune da hularsa a gwiwa. Takardar tana kan tebur, an ɗora mata biro.

Injiniya ta ajiye rimot ɗin kusa da biron, ta faɗi abin da yake yi da inda ta same shi. Ba ta kai ƙarshe ba rumfar ta kaure. Lauya ya juya ya kalli matar da ke yi wa mahaifiyarsa wanka shekara guda kamar yau ya fara ganinta. Mai Kemis ya ce a tambaye ta inda gwal ɗin yake tun kafin ya narke. Sakatare ya roƙi a yi a hankali, mace ce, wataƙila wani ne ya sa ta. Ciyaman ya ja takardar gefe, ya ce to alhamdu lillahi, Injiniya ta wanke kanta, za ta iya tafiya, sauran na hukuma ne.

Ƙofa a buɗe take, kuma babu wanda zai ce mata komai in ta fita. Ta jawo kujera ta zauna.

"Ranka ya daɗe, ranar Litinin ni ce ɓarauniya, yau ita ce. Kafin gobe ta zama Baba, a bar ni in gama."

Ta shimfiɗa takardunta takwas a kan bonet ɗin motar Ciyaman, ba ta nemi izini ba. Ta nuna wa Sufeto layin lambobin da yatsa. In da rimot ɗin a keken yake kwana, uwar gida na takwas ce za ta fara ji, ta fi kowa ji. Mako uku ba ta ji ko sau ɗaya ba, haka ta bakwai. Kullum a gaban gida na biyar yake hawa keken, a nan kuma yake sauka. Yau ma ta duba aljihun da hannunta kafin su fito, babu komai, kuma rajistar yau ta ce ƙarfe biyu da minti tara, gida na biyar. Sannan ɓarawon da ya gama aikinsa ranar Litinin ba shi da dalilin sake kunna abin ranar Alhamis, sai in yana so a same shi a hannun wani. Mutum ɗaya kawai ta gaya wa za ta bi keken yau.

Sakatare ya yi murmushi. Ya ce gaisuwa dai ba laifi ba ce, kuma duk layin shaida ne cewa duk lokacin da jiniya ke kuka yana zaune a barandarsa, tasa ma tana kuka. Rimot kuwa, wa ya ga sunansa a jiki?

"Babu suna," in ji ta. "Amma rimot ya san gidansu. Yallaɓai Sufeto, mu ɗan taka."

Suka fita gaba ɗaya, har da keken. A gaban gida na biyar ta ce wa Baba ya buɗe murfin injin get ɗin da ke karya masa baya. Sakatare ya ce inji ya ƙone, taɓa shi haɗari ne, kuma wannan gidansa ne. Sufeto ya ce a buɗe. Ciki babu ƙuna babu ƙauri. Filogi ne kawai a zare, yana lilo kusa da soket.

Ta bayyana musu a taƙaice. Rimot da aka danne ba ya daina kiran get ɗinsa. In an bar injin a kunne, duk sanda aka naɗa salatef get ɗin zai yi ta buɗewa yana rufewa a gaban kowa. Dole mai shi ya zare filogi, ya ce ya lalace.

Ta mayar da filogin. Ta koma tsakiyar hanya, ta miƙa wa Mai Kemis rimot ɗin.

"Kai aka yi wa sata. Danna."

Ya danna. Injin ya yi gurnani, get ɗin gida na biyar ya ja jiki ya buɗe har ƙarshe, sumul, ba ko ƙara.

Baba Mai Gadi ne ya fara magana, a hankali, kamar da kansa yake.

"Wata guda ina tura lafiyayyen get."

Kaka, da ta ga Sakatare kusa da ita, ta ɗago hannunta mai lafiya tana jiran gaisuwar da ta saba. Bai durƙusa ba. Sufeto ya sa hularsa ya ce su shiga ciki su yi magana.

*

An samu akwatin washegari a ramin tayar ko-ta-kwana ta motar Sakatare, ba abin da ya ɓata a ciki. Shi ne ya taya Mai Kemis ɗaukar durowar lokacin da aka sake wa ɗakin fenti. Dalilinsa bai faɗa wa kowa a layin ba.

Ranar Asabar da safe Ciyaman ya kira Injiniya. Ya yi doguwar magana a kan yadda rai ke ɓaci har mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba, ya ce kwamiti ya yanke shawarar a yaga takardar, a manta. Ta ce kada a yaga, tana so. Ta ninke ta ta saka a jakar kayan aiki. Ta ce kuma akwai mutum biyu da kwamiti bai kira ba, ɗaya tana shanya a bayan gida na takwas, ɗaya yana kan benci, in an gama da su sai a zo kanta. Ciyaman ya ce za a duba. Ta ce tana nan har yamma, za ta ga dubawar.

Sannan ta bi gida gida ta mayar da abin da ta kashe ranar Juma'a. Wannan karon ba wanda ya bi ta ɗaki. A gida na huɗu maigidan ya tambaya ko ba za a iya rage ƙarar kaɗan ba, ta ce za a iya, ya kawo a rubuce da sa hannunsa. Bai sake tayar da maganar ba.

Ta gama a gida na biyu ƙarfe biyu da 'yan mintuna. Matar Mai Kemis tana tsaye a bakin falo, awarwaron mahaifiyarta a hannu. Injiniya ta ce mata saura gwaji, gara ta toshe kunne. Ta ciro wani rimot daga jakarta, ta danna ta riƙe, tana kallon agogo. Da rabin minti ya cika, jiniya ta tashi.

Ta leƙa ta taga. Ƙofofi suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya har ƙuryar layin, Lauya da takalmi ƙafa ɗaya, Ciyaman da sandar goge ƙasa. Ta bar su suka iso bakin gidan duka, ta ƙirga su, sannan ta kashe.